Yadda Ake Kamo Tashoshin Rediyo da Talabijin na Nesa a Lokacin Zafi

A ƙa'ida, tashar FM ba ta yin nisa. Siginarta miƙe take tafiya, doron ƙasa kuwa a lanƙwashe yake, don haka bayan kilomita 60 zuwa 100, ko ɗan fiye idan turken tashar yana kan tsauni, sai siginar ta bi ta saman kanka ta wuce sama abinta. Amma daga watan Mayu zuwa Agusta a arewacin duniya, da kuma Nuwamba zuwa Fabrairu a kudancinta, wato lokacin zafi a ƙasashen da ke da sanyi, akwai ranakun da wannan ƙa'ida take karyewa. Mutum yana murɗa rediyonsa sai ya ji wani harshe da bai taɓa ji ba, tangaram, daga tashar da ke nesa da shi da kilomita 1,500 ko 2,000. Bayan minti ashirin ta ɓace kamar ba a yi ba.

Masu wannan sha'awa a duniya suna kiran abin DX. Ba ya buƙatar lasisi, tunda saurare kawai ake yi, kuma ba ya buƙatar kaya masu tsada. Abin da yake buƙata shi ne ka san abin da ke faruwa a sama, ka san zangonka, wato jerin lambobin da rediyonka ke kamawa, a ranar da babu komai, sannan ka kasance a zaune lokacin da hanya ta buɗe. Wanda ya riƙe waɗannan uku da ƙaramin rediyo zai kamo abin da mai manyan na'urori bai kamo ba.

Hanyoyi biyu ne, kuma ba halinsu ɗaya ba

Hanya ta farko tana can sama, kimanin kilomita 90 zuwa 120 daga ƙasa, a wani hawa na sararin sama da masana ke kira hawan E. Kullum ƙananan duwatsun sama suna ƙonewa a wannan tsayi, suna barin ƙurar ƙarfe da magniziyam mai ɗauke da cajin lantarki. Idan iskokin da ke can suka gitta wa juna, ɗaya na yin gabas ɗaya na yin yamma, sai su matse wannan ƙura ta zama siririyar shimfiɗa mai ƙarfin caji. Ita ce ake rubutawa Es a taƙaice. A nan za mu kira ta gajimaren E, ko da yake ido ba ya ganinsa. Aikinsa kamar na madubi ne: siginar da ta wuce sama sai ta buge shi ta dawo ƙasa can wani wuri mai nisa. Abin da za ka riƙe shi ne madubin yana tsakiyar hanya. Idan kana jin tashar da ke kilomita 1,800 daga gare ka, to gajimaren yana kimanin kilomita 900 a wannan fuskar. Yanayin da ke saman gidanka ba shi da hannu a ciki, ko rana ake ƙwallawa ko ruwa ake shekawa.

Tsalle ɗaya na gajimaren E yakan kai kilomita 800 zuwa kimanin 2,300. Ba ya wuce haka saboda lanƙwasar ƙasa, sai in an yi dace gajimare biyu sun jeru, siginar ta yi tsalle biyu, ta haura kilomita 4,000. Wannan ba kasafai ba ne a zangon FM, kuma duk wanda ya same shi ya sami abin ba da labari.

Hanya ta biyu a ƙasa-ƙasa take, cikin iskar da muke shaƙa, kilomita ɗaya ko biyu na farko. A al'ada, iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda aka hau sama. Wani lokaci abin yakan juye: iska mai ɗumi kuma busasshiya ta kwanta a kan mai sanyi da laima. Iyakar da ke tsakaninsu tana lanƙwasa siginar ta mayar da ita ƙasa, har wani lokaci ta kulle ta a cikin kwararo, ta yi ta bin lanƙwasar ƙasa ɗaruruwan kilomita. Ana kiran wannan tiropo. Ya fi ƙarfi a kan teku da bakin teku: Bahar Rum, Bahar Maliya, Tekun Fasha, da gaɓar yammacin Afirka duk sun yi suna a kansa. Tsakanin Kalifoniya da Hawai akwai kwararon da ke buɗewa a lokacin zafi, mai tsawon kimanin kilomita 4,000. A 2018 masu rediyon sha'awa sun haɗa tsibiran Kef Bad da ƙasar Ayalan a zangon megahaz 144, tazarar da ta haura kilomita 4,000, duk ta kan teku.

Dalilin da ya sa dole ka bambance su shi ne kowace da yadda ake farautarta. Gajimaren E yana farawa ne daga ƙananan lambobi ya hauro, yana zuwa ba sallama, siginarsa tana da ƙarfi amma tana hawa da sauka da sauri, tashoshi suna ture juna a lamba ɗaya. Tiropo kuwa a hankali yake ginuwa, yakan yi awoyi ko kwanaki, siginarsa a natse take, kuma ya fi son manyan lambobi, har da na talabijin.

Mataki na farko: san zangonka a ranar banza

Wannan shi ne matakin da sababbi suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowane muhimmanci. Ka zaɓi rana ta yau da kullum, da tsakar rana, ka ɗauki littafi. Fara daga 87.5 ka bi lamba-lamba har 108.0, kana matsawa da 0.1 kowane taki. Lambobi ne sama da 200, saboda haka ka ware awa biyu. A gaban kowace ka rubuta abin da ka ji: tasha mai ƙarfi da sunanta, tasha mai rauni, fantsamar maƙwabciya, ko shiru sai shuuu. A yawancin ƙasashen nahiyar Amurka tashoshin suna kan lambobin da ƙarshensu ba ya rabuwa biyu ne kawai, wato 88.1, 88.3, haka har sama, don haka aikin can rabi ne.

Maimaita wannan da dare, sannan da asuba. Za ka ga wasu tashoshi masu nisan kilomita 150 ko 200 suna leƙowa da asuba su ɓace da hantsi. Ka ja musu layi, domin su ne ma'auninka na tiropo: ranar da ka ji su da ƙarfi fiye da kullum, iska ta fara kwantawa.

Daga nan ka fitar da lambobin da babu kowa a kansu, musamman na ƙasan zango, daga 87.5 zuwa 92. Guda goma sun isa. Ka adana su a ma'ajiyar rediyon a jere, yadda danna maɓalli goma zai nuna maka halin da sama take ciki cikin rabin minti. Wanda bai yi wannan aiki ba, ranar da hanya ta buɗe zai ɓata lokacinsa yana murnar tashar garin da ke kusa da shi, ta nesan kuwa ta zo ta wuce.

Mataki na biyu: rediyon

Ka fara da wanda ke hannunka, muddin yana nuna lamba a rubuce. Mai allura yana kamawa, amma ba zai gaya maka ko 89.3 kake ko 89.5 ba, kuma ba tare da lamba ba ba za ka gane tashar ba. Rediyon mota na daga cikin mafi kyau, domin an ƙera shi ya jure sigina mai rauni da mai ƙarfi a lokaci guda. Mota a fake a kan tudu, an kashe inji, tasha ce cikakkiya ta farauta.

Idan za ka nemi wani, abin dubawa ba ƙarfin murya ba ne, iya rarrabewa ne: ya ji tasha mai rauni a 95.2 alhali wata mai ƙarfi tana ruri a 95.1. Wannan ya dogara ne da faɗin matatar siginar da ke cikinsa. Rediyon gida yakan zo da matata mai faɗin kilohaz 180 zuwa 230, masu farauta kuwa sun fi son 110 ko ƙasa da haka. Akwai ƙananan rediyo da aka gina a kan guntun TEF6686 na kamfanin NXP, wanda asalinsa na rediyon mota ne. Suna barin ka zaɓi faɗin matata da hannunka, kuma suna karanta bayanan RDS, wato suna da lambar shaidar da tasha ke ɓoyewa a siginarta, da sauri. Su ne suka yaɗu a hannun masu wannan harka a shekarun nan, kuma sun cancanci sunan da suka yi.

Ɗaya hanyar ita ce SDR, ƙaramar na'ura da ake sokawa a kwamfuta. Mafi sauƙinta, RTL-SDR, tana kamawa daga kimanin megahaz 24 zuwa sama da 1,700, kuma tana nuna maka faɗin megahaz 2.4 a allo lokaci guda. Amfaninta biyu ne. Kana ganin sigina da ido kafin kunne ya ji ta. Sannan kana iya naɗe yankin gaba ɗaya, tashoshi ashirin a tare, ka dawo daga baya ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Rauninta shi ne tasha mai ƙarfi a kusa tana cika ta, ta riƙa nuna tashoshin ƙarya a inda babu su. Maganin shi ne rage ƙarfin jawo sigina a manhajar har sai na ƙaryan sun ɓace.

Kafin ka zargi rediyo, ka zargi ɗakinka. Cajar waya, ƙwan LED, inbata, da ita kanta kwamfutar duk suna fitar da hayaniya. Sa rediyon a lambar da babu kowa, ka riƙa kashe kayan wuta ɗaya-ɗaya kana sauraron shuuu ɗin. Wanda ka kashe ƙarar ta ragu, shi ne ɓarawon.

Mataki na uku: eriya

Ga gajimaren E, sandar eriyar da ke jikin rediyo takan wadatar idan hanya ta buɗe sosai, domin siginar da ƙarfinta take saukowa. Ka zare ta kimanin santimita 75, ka gwada ta a tsaye, ka gwada ta a kwance, kana juya ta. Amma ga tiropo, da kuma farkon buɗewa da ƙarshenta lokacin da sigina ke da rauni, eriyar waje ce ke raba mai kamu da mai komawa hannu rabbana.

Mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu. Lissafinta: raba 300 da lambar megahaz, ka sami tsawon zango, wato tsawon igiyar sigina ɗaya, a mita, ɗauki rabinsa, rage kashi 5 cikin 100. A tsakiyar zangon FM, wato 98, tsawon zango mita 3.06 ne, rabinsa 1.53, bayan ragi ya zama kimanin 1.45. Ke nan sanda biyu na alminiyam ko jan ƙarfe, kowace santimita 72 zuwa 73. Ɗaure su a kan katako ko roba a layi ɗaya, da tazarar santimita 2 a tsakani, kada su taɓa juna. Samo kebul mai om 75, irin RG-6 da ake ja wa dish. Wayar tsakiya ta tafi hannu ɗaya, ragar da ke kewaye ta tafi ɗayan. A daidai mahaɗar, naɗe kebul ɗin zagaye huɗu ko biyar masu faɗin kimanin santimita 8 ka ɗaure, don kada jikin kebul ɗin ya zama eriya ya jawo hayaniyar gida. Toshe mahaɗar da kyau. Ruwa in ya shiga kebul ya gama da shi.

Wannan eriya, in tana kwance, tana ji ta gaba da baya, ba ta ji ta bakin sandunan. Wannan kurumtar makami ce. Sau da yawa ba juya eriya zuwa tashar nesa ne ke fito da ita ba, juya bakin sandar zuwa tashar kusa da ke danne ta ne.

In kana son ƙari, mayar da ita Yagi, ƙirar da Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a Japan a 1926. Sa sanda guda mai tsawon mita 1.53 a bayanta da tazarar kimanin santimita 60, da wata mai mita 1.38 a gabanta da tazarar kimanin santimita 45. Waɗannan biyun ba a haɗa su da waya, kafe su kawai ake yi a kan sandar tsakiya. Gajeriyar ita ce gaba. Yanzu eriyar tana ji ta fuska ɗaya, tana toshe baya. Ɗora ta a kan bututun da za ka iya juyawa da hannu, ka yi wa gindinsa alamar arewa, kudu, gabas da yamma da kamfas.

Tsayi yana da amfani, musamman ga tiropo, amma a nan zan ja kunne da babbar murya. Kada a kafa eriya a inda, in ta faɗi, za ta iya taɓa wayar lantarki. A auna tsayin sandar, a ninka biyu, a ba wayar wannan tazara. Sannan lokacin wannan farauta shi ne lokacin tsawa a wurare da yawa. A haɗa sandar da ƙarfen da aka kafa a ƙasa da waya mai kauri, kuma da zarar an ji rugugin hadari a cire kebul daga rediyo, a ajiye bakinsa nesa da mutane. Babu tashar da ta kai ran mutum.

Kada ka yi gaggawar sa busta. A inda akwai tashoshi masu ƙarfi, ƙara cika rediyon take yi. Gajeren kebul mai kyau ya fi ta.

Mataki na huɗu: sanin lokaci

Gajimaren E ya fi yawa a Yuni da Yuli ga mutanen arewacin duniya, da ɗan ƙaramin dawowa a ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu. A cikin yini yana da lokuta biyu da ya fi so: daga hantsi zuwa azahar, sannan daga la'asar zuwa bayan magariba. Babu mai iya cewa gobe zai zo. Abin da ake iyawa shi ne ganin tahowarsa, domin daga ƙasa yake haurowa. Zangon megahaz 27 da 28 ne ke fara cika da muryoyin nesa, sai 50, sai 70, sannan ya taɓo 87.5. Mai SDR ya sa ido a 50.313, inda masu rediyon sha'awa ke aika gajerun saƙonnin kwamfuta da ake kira FT8. In wurin ya cika da sigina, to a shirya.

Akwai wata alama da ta fi wannan kaifi. Idan a zangon 50 aka fara jin tashoshi na kusa-kusa, masu nisan kilomita 500 ko 600, ma'anarsa gajimaren ya yi ƙarfin da yake mayar da sigina ko da ta buge shi a tsaye-tsaye. Gajimare mai irin wannan ƙarfi zai iya mayar da FM a tazara mai tsawo. Gajeren tsalle a ƙasa, buɗewa a sama.

Shafukan DXMaps da PSK Reporter suna zana layukan da ake kamawa a taswira a daidai lokacin. Kada ka duba ƙarshen layukan, duba inda suke gittawa, nan gajimaren yake. In mahaɗar tana tsakanin kilomita 400 da 1,100 daga gare ka, juya eriya can.

Tiropo kuwa ana iya hasashensa, tunda ɗan yanayi ne. Nemi kwanakin da matsin iska ya hau ya zauna, iska ta kwanta, sama ta yi garau da dare, aka wayi gari da raɓa ko hazo kwance a kwari, hayaƙi yana tashi ya baje a kwance maimakon ya miƙe. Lokacinsa daga faɗuwar rana ne zuwa awa biyu ko uku bayan fitowarta, kuma sau da yawa ya fi kyau daf da lokacin da yanayin zai sauya. Taswirorin hasashen tiropo na William Hepburn, masanin yanayi ɗan Kanada, suna nuna kwanaki masu zuwa da launuka, kuma kusan kowa a harkar yana duba su.

Wanda ke zaune kusa da layin da ya raba duniya biyu ya san cewa lissafinsa ya ɗan bambanta. Gajimaren E na lokacin zafi ya fi ƙarfi a yankunan tsaka-tsaki, irin su Bahar Rum, Turai, Japan da Amurka ta Arewa, don haka eriyarsa ta fi fuskantar can. Sannan yana da tasa damar a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, lokacin da sigina ke tsallaka layin daga arewa zuwa kudu da yamma da farkon dare, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar aikinta.

Mataki na biyar: idan ta buɗe

Abu na farko, kunna naɗar murya kafin komai, ko da ta waya ce a gaban lasifika. Faɗi kwanan wata, lokaci da lamba da bakinka a cikin naɗin duk sa'ad da ka sauya tasha. Kunne yana ruɗuwa cikin zumuɗi. Naɗi ba ya ruɗuwa.

Na biyu, gano inda rufin yake. Haura sama da sauri: 90, 95, 100, 105. Inda baƙin tashoshi suka ƙare, nan ƙarfin gajimaren ya tsaya a wannan lokacin. Fara aiki daga saman ka gangaro, domin saman ne ke fara rufewa, ƙasan kuma shi ne na ƙarshe.

Na uku, kada ka liƙe wa waƙa. Waƙa ba ta gaya maka komai, ana iya sa ta ko'ina a duniya. Ba kowace lamba daƙiƙa 20 zuwa 30. In ba magana, wuce ka dawo. Amma idan saura minti biyu awa ta cika, tsaya a kan wadda ta fi ƙarfi, domin a kan awa ne tashoshi ke faɗin sunansu su karanta labarai. Talla, hasashen yanayi da rahoton cunkoson hanya sun fi komai daraja, saboda suna ambaton garuruwa.

Gajimaren yana tafiya, don haka ƙasar da kake ji tana sauyawa. A lamba ɗaya za ka iya jin tashoshi uku cikin minti biyar. In komai ya yi tsit, kada ka tashi nan da nan. Yakan dawo bayan minti goma ko rabin awa, wani lokaci daga wata fuskar dabam.

Mataki na shida: tabbatarwa

Jin baƙon harshe ba hujja ba ce. Manyan gidajen rediyo irin su BBC da RFI suna da tashoshin FM a birane da yawa na duniya, kuma ƙaramar na'urar da ake sokawa a mota don jin waƙar waya ita ma tana watsawa a wannan zango. Hujja mafi ƙarfi ita ce RDS, bayanan da tashoshi da yawa ke ɓoyewa a cikin siginarsu a kan kilohaz 57. A ciki akwai sunan tasha mai haruffa takwas, da lambar shaida ta PI mai alamomi huɗu. Lambar PI ce ke fara fitowa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, tun kafin sunan ya cika. Alamarta ta farko tana nuna rukunin ƙasa: C ga Birtaniya, F ga Faransa, D ga Jamus, E ga Sifaniya, 5 ga Italiya. Ƙasashe da dama suna tarayya a alama ɗaya, E ɗin nan ma Suwidin na amfani da ita, saboda haka sai an haɗa da lambar zango da fuskar eriya. Rumbun FMLIST yana ɗauke da tashoshin duniya da lambobinsu da wuraren turakunsu. Sa lamba da PI, ka ga wace ce.

Sannan ka auna da hankali. In tazarar ta faɗa tsakanin kilomita 800 da 2,300, kuma sauran tashoshin da ka kama a wannan lokacin daga yanki ɗaya suke, magana ta daidaita. In guda ɗaya ta fito daga wata fuska dabam, sake sauraron naɗin. Abin da ba ka tabbatar ba, rubuta shi a matsayin wanda ba a gane ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma shi ne ke sa a yarda da sauran abin da ka rubuta.

A littafinka kowane kamu ya sami kwanan wata, lokaci da agogon duniya na UTC, lamba, sunan tasha, gari, tazara, da hanyar da ta kawo shi. Wasu tashoshin, in ka aika musu rahoto da ɗan guntun naɗi, sukan amsa da takardar tabbaci da ake kira QSL.

Talabijin

A da, nan ne daɗin yake. Tashoshin analog na ƙasan zango, tsakanin megahaz 47 da 68 a Turai, 54 zuwa 88 a Amurka, su gajimaren E ke fara ɗaukowa, kuma ko sigina ta yi rauni ana ganin hoto cikin yayyafi, a gane tambarin tasha. Amurka ta kashe manyan tashoshinta na analog a 12 ga Yuni 2009, Birtaniya ta kammala a 2012, ƙasashe da yawa sun bi. Inda analog ya rage a wannan zango, eriya mai hannu biyu mai tsawon kimanin mita 2.6 gaba ɗaya da tsohuwar talabijin mai murɗawa da hannu sun isa.

Dijital ba ta san rabi-rabi ba: ko hoto garau ko baƙin allo. Kuma yawancinta tana UHF, daga megahaz 470 zuwa sama, inda gajimaren E ba ya kaiwa ko kusa. Don haka farautar talabijin a yau kusan duk ta tiropo ce, ban da Amurka ta Arewa inda har yanzu akwai tashoshin dijital a tasha ta 2 zuwa ta 6. Ka tabbata dikodarka ta dace da tsarin ƙasar da kake nema: DVB-T da DVB-T2 a Turai da yawancin Afirka, ATSC a Amurka, ISDB-T a Japan da Barazil.

Sa eriyar UHF mai sanduna da yawa a wuri mafi tsayi da za ka iya cikin aminci. A nan busta da aka ɗaura a jikin eriyar tana da amfani, domin kebul yana cin sigina sosai a waɗannan lambobi. Kada ka yi binciken atomatik, yana da jinkiri kuma yakan goge tashoshinka. Shiga binciken hannu. A tsarin da kowace tasha ke da faɗin megahaz 8, tsakiyar tasha ta 21 tana 474, ta 22 tana 482, haka ake ƙara takwas-takwas. Zaɓi wadda ka san babu kowa a kanta, ka kalli sanduna biyu da dikoda ke nunawa, na ƙarfi da na inganci. In na ƙarfi ya motsa na inganci yana sifili, akwai abu a wurin da bai isa buɗewa ba. Juya eriyar kaɗan-kaɗan, kana dakatawa daƙiƙa biyar a kowane matsayi, domin dikoda tana ɗaukar lokaci kafin ta kama. Da zarar na inganci ya ɗaga, danna bincike. Ko hoton bai tsaya ba, sunayen tashoshin da ke cikin ƙunshin sukan shiga jeri, kuma wannan ya isa shaida. Ɗauki hoton allon da waya nan take.

Idan Agusta ta shigo gajimaren E ya fara ja da baya, akwai sauran dama guda. A daren 12 zuwa 13 ga watan ne zubar duwatsun sama na Perseid ke kai ƙololuwa. Kowane dutse da ya ƙone yana barin sawu mai caji a tsayin hawan E, wanda ke mayar da siginar FM na ɗan lokaci, daga ƙiftawar ido zuwa 'yan daƙiƙoƙi. Zaɓi lamba ɗaya da babu kowa a kusa amma akwai tasha mai ƙarfi a kanta a tazarar kilomita 1,000 zuwa 1,800, fuskantar da eriya can, kunna naɗi daga tsakar dare zuwa hantsi, ka bar manhajar RDS tana rubuta duk lambar PI da ta faɗo.